Yarona ya ce ya bar ƙwallo, na rasa yadda zan koya masa jimiri ba tare da na karya masa zuciya ba

Baban 'Yan Uku, Jos

Salama 'yan'uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abin ne ya tsaya min a rai kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina zaune a Jos wajen Tudun Wada, yarana uku, babban namiji ne shekararsa 13. Tun yana ɗan ƙarami ƙwallo ce rayuwarsa, lemun tsami ma in ya gani a ƙasa sai ya buga. Shekara biyu da suka wuce na sa shi a wata akadami, ba zan faɗi sunanta ba. Talata da Alhamis da yamma, Asabar kuma ƙarfe shida na safe, kun dai san sanyin Jos a watan Disamba, yaron nan bai taɓa cewa yau ba zai je ba, shi ke tashina ma. Kuɗin wata, kuɗin keke zuwa da dawowa, but, wato takalmin ƙwallo, na gwanjo da na sayo masa a Taminus, duk ina yi da daɗin rai.

To bana abin ya canza. Wasa tara suka buga, sau biyu kawai aka saka shi, shi ma sai ana saura minti biyar a tashi. Tsakiya yake bugawa, lamba shida. Yaran da ake sakawa a gabansa sun fi shi jiki nesa ba kusa ba, kuma gaskiya wasunsu kowa a unguwa ya san sun wuce shekarun da aka rubuta musu, akwai wanda ajinsu ɗaya da ɗan yayata a firamare, ɗan yayar nan tawa yanzu shekararsa 17. Wani da ke kusa da tim ɗin ya ja ni gefe ya ce in ina son yaro ya yi gaba in je in yi masa sabuwar takardar haihuwa a rage shekara biyu, ya koma cikin ƙananan, wai kowa haka yake yi. Ban ba shi amsa ba. Ga kuma gwiwarsa ta dama da yake kuka da ita kusan wata biyu, ƙasan ƙoƙon gwiwar, in ya dawo tirenin sai ya riƙa ɗingishi, ni kuma ina ce masa namiji ne kai, daure.

Asabar ɗin nan aka saka shi a ƙarshen wasa ana 1-1, ƙwallon farko da ta zo masa aka ƙwace aka je aka ci su. Yaran suka yi masa ca a fili, har da wani babba daga cikin iyaye yana ɗaga murya wai wa ya saka wannan. Da muka dawo gida ya tura but ɗinsa ƙarƙashin gado ya ce Baba na gama da ƙwallo. Na ɗauko Littafi Mai Tsarki na buɗe masa Filibiyawa 4:13 na ce Kirista ba ya gudu, za ka iya komai ta wurin Almasihu. Sai ya kalle ni ya ce Baba kullum da dare ina addu'a a saka ni, wancan da ya yi ƙaryar shekaru ko coci ba ya zuwa kuma shi ake sakawa, to amfanin me. 'Yan'uwa ban da amsa. Sai na daka masa tsawa, ya shiga ɗaki, tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Mamansa ta ce in ƙyale shi ya huta. Ni tsorona shi ne in ya saba da ajiye abu da zarar ya yi wuya, gobe makaranta ce, jibi aure ne, wata rana bangaskiyarsa ce. Amma kuma ba na so ya tsani Littafin saboda ni. Iyaye da malamai da ke nan, yaya kuke koya wa yaro jimiri irin na Kirista a irin wannan hali? In tilasta masa ya koma ko in bar shi?

Tsohon Koci, Bukur

Ɗan'uwa sannu. Na yi shekaru ina horar da ƙananan yara, yanzu na bari saboda aiki, bari in yi maka magana ta ɓangaren fili, masu ilimin Littafi za su zo su yi nasu.

Shekara 13 zuwa 15 shi ne lokacin da muke asarar yara mafi yawa, kuma ba marasa iyawa ne ke tafiya ba. Yara biyu haihuwar shekara ɗaya, ɗaya ya riga ya balaga murya ta buɗe ƙafa ta yi ƙarfi, ɗayan har yanzu jikin yaro ne da shi. Koci kuma yana son ya ci wasan Asabar don iyaye su ga ana ci su ci gaba da biya, to mai jikin zai saka. Ni ma na yi wannan kuma yau ina nadama, domin ƙananan nan da suke koyon yadda za su saki ƙwallo da wuri don kar a take su, su ne in jiki ya zo musu a 16 ko 17 suke wuce kowa. Lamba shida da ba shi da jiki dole kansa ya yi aiki. Ka gaya masa wannan daga bakin wanda ya tsaya a bakin layi.

Abin da zan ba ka shawara, ka je wajen kocin amma ba ranar wasa ba, kuma kar ka je da faɗa. Ka tafi da yaron, shi zai yi tambayar da bakinsa: Koc, wane abu biyu zan gyara a saka ni? In koci na gaske ne zai faɗa masa, ƙila ya ce yana daɗewa da ƙwallo ko ba ya waigawa kafin ta zo masa, to yaro ya samu abin yi a hannunsa maimakon zama yana jiran ranar da za a tausaya masa. In kuma kocin ya kasa faɗin komai sai kame-kame, ko ya maimaita maka zancen takarda, to ba wurin zaman ɗanka ba ne. Filin ƙwallo bai ƙare a Jos ba, garin da ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon. Barin akadami ɗaya daban, barin ƙwallo daban, kar ka haɗa masa su wuri guda.

Sannan ka ba shi labarin Osimhen, yaran yanzu shi suka sani. A 2015 a Chile ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, duniya ta ɗauka ya gama isa. Ya je Wolfsburg a Jamus, rauni da benci, bai ci musu ko ɗaya ba har suka ba da shi aro ga Charleroi a Beljiyam a 2018. Daga can ne ya tashi, Lille, Napoli, kofin lig na Italiya a 2023. Wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar duniya a cikin sa'o'insa ma ya ɗanɗani benci.

Abu na ƙarshe kuma ka yi haƙuri da ni. In kun taso daga wasa a cikin keke me kake fara ce masa? Yawancin iyaye tun kafin yaro ya cire but sun fara lissafa masa kurakurai. Yaron ya riga ya san ya yi kuskure, mutum ashirin sun gaya masa a fili. Ka saya masa rake ko masara ku ci a hanya, zancen wasa ya bari sai gobe.

Malamar Sande Sukul, Kagoro

Baban yara, salama. Na karanta sau biyu kuma wurin da ya taɓa ni shi ne tambayar yaron, domin ba rashin kunya ba ce, yaron nan ya ɗauki addu'a da gaske shi ya sa abin ya yi masa ciwo. Wanda bai damu da Allah ba ba ya irin wannan tambayar.

Ayar da ka buɗe masa mu manya ne muka ɓata ta. Muna rubuta ta a jikin jesi da bayan keke kamar tana nufin duk abin da na sa a gaba zan ci. Ka koma ka karanta daga aya 11 tare da shi. Bulus yana tsare ne lokacin da ya rubuta wasiƙar, kuma abin da yake cewa shi ne ya koyi zama da ƙoshi ya koyi zama da yunwa, ya san samu ya san rashi, duka biyun yana iya ɗauka saboda wanda ke ƙarfafa shi. Wato ayar ta ɗan benci ce kamar yadda take ta wanda ya ci ƙwallo. In yaro ya taso da tunanin cewa addu'a ciniki ce, na yi sujada Allah ya ba ni lamba shida, to ranar da bai samu ba bangaskiyar za ta tafi tare da jesin. Na ga haka ya faru da yaran da na koyar, a kan jarrabawa ma ba ƙwallo ba.

Ni a ajina in muka zo zancen gajiya labarin Iliya nake ba su, 1 Sarakuna 19. Annabi guda, bayan abin da ya faru a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya kwanta ƙarƙashin itace ya ce Ubangiji ya isa haka, ɗauki raina. Me Allah ya yi masa? Bai yi masa wa'azi a lokacin ba. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci, sai bayan nan aka yi tafiya aka yi magana. To mamansa ba ta yi kuskure ba da ta ce a bar shi ya huta, ka saurare ta.

Sai kuma Markus. A tafiyar bishara ta farko ya bar su Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma Urushalima. Bulus ya ji haushi har ya ƙi sake tafiya da shi, suka rabu da Barnaba a kan maganar, Barnaba ya ɗauki yaron. Shekaru suka wuce, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti Bulus ɗin nan da kansa ya ce a zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi. Yaro ya taɓa ajiye abu sau ɗaya ba shi ke nuna ya zama mai gudu har abada ba, in dai ya samu babba da bai cire rai da shi ba. Tsoron da kake ji na fahimce shi, amma kana ɗora wa Asabar ɗaya nauyin aurensa da bangaskiyarsa, ya yi wa ɗan shekara 13 yawa.

Kuma Baba, da girmamawa nake faɗa, ka je ka ba shi haƙuri a kan tsawar. Kolosiyawa 3:21 da ubanni take magana, kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Girmanka ba zai ragu ba. Ka ce masa tambayarka ta fi ƙarfina ranar nan shi ya sa na yi faɗa, zo mu nemi amsar tare.

Ɗan Sabon Tasha, Kaduna

Ni dai ra'ayina ya ɗan bambanta da na Malama, ku yi min haƙuri. Muna lallaɓa yaran nan da yawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni babana bai taɓa barina na ajiye abu a tsakiya ba, Boys' Brigade na so in bari saboda fareti a rana ya ce sai shekara ta ƙare, kuma yau ina gode masa. Ka ce wa yaron an fara kakar wasa da kai za a gama da kai, tim ɗin ta dogara da kowa har wanda ke benci, in an gama sai mu zauna ka zaɓa. Ba a yanke shawara ranar da aka sha kashi.

Mu a Kaduna labarin Victor Moses ba tatsuniya ba ce. Yana da shekara 11 aka kashe mahaifinsa wanda fasto ne da mahaifiyarsa a rikicin 2002, dangi suka tura shi Ingila, yaro shi kaɗai a ƙasar da bai san kowa ba. Ya shiga akadamin Crystal Palace, ya je Wigan, Chelsea ta saye shi a 2012 amma sai ta riƙa ba da shi aro, Liverpool, Stoke, West Ham, shekara uku a jere kamar ba a son shi. Conte, sabon kocin Chelsea, ya zo ya ce ba gaba za ka buga ba, gefen baya na dama za ka koma kana hawa kana sauka, ya karɓa, suka ɗauki kofin Firimiya a 2017. Mu kuma ya ci mana fenariti biyu a wasan Habasha a 2013, shekarar da muka ɗauko kofin Afirka. In wannan ya daure, benci wasa bakwai ba zai kashe kowa ba. Romawa 5 ta ce wahala ce ke haifar da jimiri, to in muka ɗauke musu kowace wahala daga ina jimirin zai fito?

Nas daga Biliri

Kowa na zancen zuciya an bar gwiwar. Baba don Allah wata biyu yaro yana ɗingishi kana cewa ya daure? Wannan ba ya cikin jimirin da Littafi ke magana a kai, ka kai shi asibiti satin nan.

Ba zan yanke hukunci daga rubutu ba, amma yadda ka kwatanta wurin, ƙasan ƙoƙon gwiwa, a yaro mai shekara 13 da ke gudu da tsalle, mun saba ganinsa sosai. Lokacin da yaro ke miƙewa ƙashi yana tsawo da sauri fiye da yadda naman cinya ke sakewa, sai jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa ta riƙa jan kan ƙashin ƙwauri inda bai gama ƙwari ba. Wurin yakan kumbura ya yi ɗan tudu, in ka danna ya yi zafi, durƙuso da hawa bene su dame shi. Yawanci yana wucewa da kansa in girma ya daidaita, abin da ake yi shi ne rage tirenin, sa ƙanƙara a tsumma a ɗora bayan wasa, da motsa jiki na miƙar da cinya. Amma likita ne zai duba ya tabbatar ba wani abu ba ne, musamman in yana tashinsa da dare ko akwai zazzaɓi ko gwiwar duka ta kumbura. Kar a kai shi wajen mai ɗori ya murza, ba targaɗe ba ne, kuma kar a riƙa ba shi maganin kashe zafi kafin wasa don ya iya gudu.

Ka yi tunani ma, yaron da gwiwa ke ciwo ba zai iya juyawa da sauri ba, ƙila ƙwallon da aka ƙwace masa ranar Asabar laifin ƙafar ne, shi kuma yana can yana ganin shi ne bai iya ba.

Ɗan'uwana na Sabon Tasha, na yarda da kai a kan gama abin da aka fara, amma ban da jiki mai ciwo. Kanu ya ci wa Najeriya zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, yana komawa Inter likitoci suka gano matsala a zuciyarsa, ya ajiye ƙwallo aka yi masa tiyata a Amurka, ya yi watanni yana jinya, sannan ya dawo har ya je Arsenal a 1999. Zaman jinyar nan da bin dokar likita alhali abokansa suna fili, ai shi ma jimiri ne, ƙila ma ya fi wuya. Mu da muka san yadda Sam Okwaraji ya faɗi ya rasu ana cikin wasa a filin wasa na Legas a 1989 bai kamata mu riƙa wasa da koken ɗan wasa a kan jikinsa ba.

Dattijo, Wusasa

Ɗana, Ubangiji ya ba ka hikima. Jikata ce ke rubuta min, ni ina faɗa.

Kun yi magana mai kyau duka, amma akwai wurin da ka wuce da sauri a rubutunka, ka ce mutumin ya kawo maka zancen rage shekaru kuma ba ka ba shi amsa ba. Me ya sa? Ina jin a ranka kana ɗan auna abin. Ba na zarginka, uba ne kai kana ganin ɗanka yana shan wahala. Amma a nan jarrabawar take, kuma taka ce kafin ta zama ta yaron. Ba za ka iya buɗe masa Littafi da dare ka je ka yi rantsuwar ƙarya a kan ranar haihuwarsa da safe ba. Shi zai riƙe takardar nan duk rayuwarsa, duk inda aka tambaye shi shekarunsa sai ya tuna wanne zai faɗa, kuma zai san babansa ne ya koya masa. Sannan in ya koma cikin 'yan shekara 11 da jikin ɗan 13, wani ƙaramin yaro ne zai koma benci, ɗan wani, yana kuka irin kukan da naka yake yi yau.

Wannan abin ya daɗe yana jawo mana kunya. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga wasannin matasa saboda ranakun haihuwa da suka saɓa. Tun 2009 ake sa yara a na'ura a ɗauki hoton wuyan hannu don a gano shekarunsu a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma a 2016 'yan wasanmu 26 suka faɗi gwajin ana gab da wasa da Nijar, Nijar ɗin ta fitar da mu, mu da muke riƙe da kofin duniya. 2 Timoti 2:5 ta ce ɗan wasa ba ya samun rawani sai ya yi wasan bisa ƙa'ida. Ka koma wajen mutumin ka ce masa a'a, kuma ka bari yaron ya san an yi maka tayin ka ƙi, ka gaya masa dalili. Zai koyi jimiri daga wannan fiye da duk wa'azin da za ka yi masa, domin zai ga kai ma ka zaɓi hanya mai tsawo kuma tana yi maka ciwo.

Tambayar da ya yi maka kuwa, ba shi ya fara yin ta ba. Ku karanta Zabura 73 tare. Asaf ya ce ƙafarsa ta kusa zamewa da ya ga masu mugunta suna cin gaba, har ya ce ashe a banza na tsabtace zuciyata. Mutumin Allah ne ya faɗi haka kuma aka bar maganar a cikin Littafi ba a goge ba. Ka nuna wa yaron cewa an yarda ya kai wa Allah wannan ƙorafin kai tsaye. Kar ka yi masa alkawarin da Allah bai yi ba, kar ka ce in ka daure za ka je Turai, yara dubbai suna buga ƙwallo a ƙasar nan kaɗan ne ƙwarai ke cin abinci da ita. Abin da za ka iya ce masa da gaskiya shi ne Ubangiji yana ganinsa a bencin nan kuma ba ya auna shi da minti nawa ya buga.

Ku mutanen Jos ma ai kun san jira. Muna samari Mighty Jets suka ɗauki lig na farko a 1972, amma Challenge Cup sai su je wasan ƙarshe su dawo hannu wofi, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, muna jin su a rediyo muna tausaya musu. Sai 1999 Plateau United ta kawo kofin garin. Waɗanda suka fara neman kofin da yawansu ba su taɓa shi da hannunsu ba, amma har yau in tsofaffi suka zauna sunan Sam Garba, ɗan wasan Mighty Jets, ake kira.

Baban 'Yan Uku, Jos

Na gode muku duka, Allah ya saka. Baba na Wusasa, gaskiya ka faɗa, ina auna abin a raina, har na tambayi nawa ake kashewa. Jiya na kira mutumin na ce masa ba za mu yi ba, ya ce to ni na sani.

Ranar Laraba da dare na shiga ɗakinsa na zauna a bakin gado na ba shi haƙuri kamar yadda Malama ta ce. Bai ce komai ba da farko, sai hawaye. Ashe abin da ya fi cin ransa ba ƙwallon da aka ci ba ne, wai da mutumin nan yake ɗaga murya yana cewa wa ya saka wannan, ya waigo ya neme ni ya ga na sunkuyar da kai. Ya ɗauka kunyarsa nake ji. Ni kuwa na sunkuya ne don kar in tashi mu yi faɗa a gaban yara, amma shi bai san haka ba, kwana huɗu yana ɗauke da wannan shi kaɗai. Na gaya masa zancen takardar da amsar da na bayar, ya tambaye ni ko da na yarda da yanzu ana saka shi, na ce ƙila, ya yi shiru. Mun karanta Zabura 73 har ƙarshe, ya ce in sake karanta masa farkon.

Sista, mun je asibiti ranar Alhamis. Likita ya danna wurin yaron ya yi tsalle, ya ce abin da kika kwatanta ne, ya hana shi gudu da tsalle na sati shida sannan mu dawo ya sake dubawa, ya nuna masa yadda zai riƙa miƙe cinya safe da yamma. Da muka fito mamansa ba ta ce min komai ba, ni ma na san wata biyun nan da na yi ina cewa daure ban kyauta ba.

Zancen komawa ban matsa masa ba, kuma shi ma bai ce zai koma ba. Abin da muka shirya, shawarar ɗan'uwa na Sabon Tasha da ta Koc na haɗa, shi ne ba za a yanke komai ba sai sati shidan sun cika, amma ranar Asabar za mu je tare ya gaishe da kocin ya gaya masa abin da likita ya ce da bakinsa, ya zauna ya kalli wasan 'yan tim ɗinsu, kar ya ɓace kawai kamar wanda ya yi laifi. Ya ce zai je in zan zauna kusa da shi ba can cikin iyaye ba. But ɗin har yanzu suna ƙarƙashin gado, ƙaninsa ya so ya ɗauka ya hana shi.

Koc, in mun je ranar Asabar, ya yi tambayar abu biyun nan a ranar ko mu bari sai ƙafar ta warke?